Bashin Gida na Shekara Talatin: Yadda Aka Ƙera Rayuwar Amurkawa Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Hoton Amurkar shekarun 1950 da duniya ta riƙe sananne ne: ɗan ƙaramin gida da ciyawa shar a gabansa, mota a ƙofa, maigida ya tafi aiki, uwargida tana kicin, yara uku ko huɗu sun zuba wa talabijin ido. Da yawa suna ɗauka arzikin da ya biyo bayan yaƙi ne ya haifi wannan rayuwa haka kawai. Arzikin ya taka rawa, babu musu, domin a 1945 masana'antun Turai da Jafan sun zama kufai, Amurka kuwa tana ƙera kusan rabin kayan masana'antun duniya. Sai dai kuɗi ba ya zaɓa wa kansa inda zai kwarara. Abin da ya yi masa hanya takarda ce, takardar bashin gida, da hukuncin da gwamnati ta yanke kan wanda za ta tsaya masa a gaban banki da wanda za ta bari ya ji da kansa.

Kafin 1934, mai son sayen gida a Amurka sai ya ajiye kusan rabin kuɗin lakadan. Ragowar banki ya ranta masa na shekara uku zuwa biyar, in an yi masa sauƙi goma. A tsawon wa'adin nan yawanci kuɗin ruwa kawai yake biya, uwar kuɗin tana nan daram, ranar da lokaci ya cika a ce ya kawo ta dungurungum. Wanda bai tara ba sai ya koma ya roƙi a sabunta masa. Da tattalin arziki ya durƙushe bayan 1929 bankuna suka daina sabuntawa, ya zamana a 1933 kimanin gida dubu ake ƙwacewa kowace rana.

Gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumomi biyu. Ta farko, hukumar rancen masu gida da ake kira HOLC, a 1933, ta saye basussukan da suka maƙale na gidaje kimanin miliyan ɗaya, ta mayar da su na shekara 15. Ta biyu, hukumar gidaje ta tarayya da ake kira FHA, a 1934, ita ce ta sauya komai, kuma yana da kyau a gane aikinta sosai domin a nan ake yawan kuskure. FHA ba ta ba kowa rance. Banki ne ke ba da kuɗinsa, ita kuma ta yi wa bashin inshora: idan mai gida ya kasa biya, banki ya miƙa mata gidan, ta ɗauki asarar. Mai gida ne ke biyan kuɗin inshorar, rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, a haɗe da biyansa na wata. Tunda banki ya san ba zai yi asara ba, sai ya yarda da sharuɗɗan da a da ba zai ko saurara ba: kafin alƙalami ya sauko zuwa kashi 20, daga baya kashi 10 ga sabon gida, wa'adi ya kai shekara 20, sannan 25, sannan 30 a 1948, kuɗin ruwa tsayayye ne daga farko har ƙarshe, kuma kowane biyan wata yana ɗauke da ruwa da wani yanki na uwar kuɗi, ta yadda ranar biya na ƙarshe bashi ya mutu. A 1938 aka ƙara kafa wata hukuma, Fannie Mae, don ta riƙa sayen irin waɗannan basussuka daga bankuna, kuɗinsu ya dawo su sake rantawa.

Amma mai tsaya wa bashi shi ke gindaya sharaɗi. FHA ta rubuta kundin da jami'anta ke bi wajen kimanta gida da unguwa: girman fuloti, tazarar gini daga titi, faɗin ɗaki, irin maƙwabta. Kundin ya fi son sabon gida na iyali ɗaya a fili na wajen gari, ya ƙyamaci tsohuwar unguwa mai cunkoso inda shago da gida suke haɗe. Za mu dawo kan batun maƙwabtan.

Yaƙi ya tsayar da gine-gine kusan cak. Katako da ƙarfe da ma'aikata duk sun tafi aikin soja. Amurkawa miliyan 16 suka sa kaki, waɗanda suka rage a gida suna karɓar albashi mai kyau amma babu abin saye, ko sabuwar mota ba a ƙerawa, don haka suka tara, suka zuba kimanin dala biliyan 185 a takardun lamunin yaƙi. Da aka sallami sojoji, a 1946 kaɗai an ɗaura aure kusan miliyan 2.3. Ango da amarya suka cika ɗakunan iyayensu, wasu a gareji, wasu a bukkokin kwano na soja. A Chicago har tsoffin taragun jirgin cikin gari 250 aka sayar aka mayar da su wurin kwana.

Dokar 'yan mazan jiya da ake kira GI Bill, wadda Roosevelt ya sa wa hannu ranar 22 ga Yunin 1944, ta zo da abubuwa uku. Wanda bai samu aiki ba yana karɓar dala 20 a mako har mako 52. Mai son karatu a biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, a ba shi na abinci dala 50 a wata, mai iyali 75, daga baya aka ƙara. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun ci gajiyar wannan, miliyan 2.2 daga cikinsu a jami'o'i da kwalejoji. Na uku shi ne bashin gida. Hukumar 'yan mazan jiya tana tsaya wa rabin bashin har dala 2,000, aka ɗaga zuwa 4,000 a 1945, aka kai kashi 60 har dala 7,500 a 1950, ruwa kuma kada ya wuce kashi 4. Da wannan tsayawa, banki ba ya buƙatar kafin alƙalami. Tsohon soja mai shekara 24 da ba shi da ko sisi a ajiye yana iya shiga gidan kansa.

Mu yi lissafin, domin shi ne zuciyar maganar. A ce gidan dala 7,990 ne, a kan ruwa kashi 4 na shekara 30, biyan wata yana kamawa dala 38 da 'yan kai. A watan farko kusan dala 27 ruwa ne, dala 11 da rabi kawai ke rage uwar kuɗi. Shekara na tafiya rabon na juyawa. Idan aka haɗa harajin gida da inshora, abin ya tashi wajen dala 58 a wata. Matsakaicin iyali a 1950 yana samun kusan dala 3,300 a shekara, wato 275 a wata. Ke nan kashi ɗaya cikin biyar na samu, kuma sau da yawa ƙasa da hayar ɗaki biyu a cikin birnin New York. Ga ƙari: kuɗin ruwan da aka biya ana cire shi daga kuɗin da za a yanka wa haraji, ɗan haya kuwa ba shi da wannan rangwame. Wanda ya zauna ya buga wannan lissafi ba ya buƙatar mai talla ya lallashe shi ya bar birni.

Gida daga layin masana'anta

Bashi ya samu, saura gidan. A nan iyalin Levitt suka shigo: uba Abraham, da 'ya'yansa William mai harkar kuɗi da kwangila, da Alfred mai zanen gini. Lokacin yaƙi sun koyi gina gidajen ma'aikata da sauri a Norfolk ta jihar Virginia, William kuma ya yi aiki da rundunar magina ta sojan ruwa. Suka sayi gonakin dankalin turawa a Hempstead da ke tsibirin Long Island, tafiyar kusan mil 25 gabas da tsakiyar New York. A watan Mayun 1947 suka sanar da gidaje 2,000 na haya a kan dala 60 a wata, iyalan farko suka tare ranar 1 ga Oktoba. Zuwa 1951 sun gina 17,447. Wurin shi ne Levittown.

Cikas na farko doka ce. Ƙa'idar ginin Hempstead ta ce dole kowane gida ya zama da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, haƙa shi kuwa shi ne mafi cin lokaci da kuɗi a ginin gida a yankin sanyi. Tsoffin sojoji ɗaruruwa suka cika zauren majalisar garin, aka sauya ƙa'idar, aka yarda a ɗora gida a kan daɓen kankare kai tsaye.

Daga nan aka raba aikin gida kashi 27. A masana'antar mota, mota ce ke tafiya ma'aikaci na tsaye. Su Levitt suka juya abin, gida na tsaye ma'aikata ke tafiya. Katafila ta share fili ta fitar da titi. Injin haƙa ya yanka ramin harsashi mai ƙafa 25 da 30. A shimfiɗa bututun jan ƙarfe a nannaɗe, a zuba kankare a kansa, domin ta cikinsa ruwan zafi zai riƙa zagayawa yana ɗumama daɓe da hunturu. Manyan motoci su bi titi suna sauke ɗaurin kaya a kowace ƙafa 60, wato faɗin fuloti ɗaya, tunda kowane fuloti 60 da 100 ne. An riga an yanka katakon daidai awo a wata farfajiya, an jera shi yadda abin da za a fara buƙata ke sama. Bututun famfo ma an harhaɗa su tun daga can, a kawo su kamar reshen itace a dasa. Shi ya sa aka sa kicin da banɗaki baya da baya, bango ɗaya ya ɗauki bututun duka biyun. Ayarin masu kafa ginshiƙai su zo su wuce, na rufi su biyo, na tagogi, na tayil, na waya, masu farin fenti daban, masu ja daban. Akwai wanda ba shi da aiki sai ɗaure injin wanki a daɓe, gida bayan gida.

Ba a biyan ma'aikata da awa, da yawan aikin da suka gama ake biya, kuma kamfanin ya ƙi yarda da ƙungiyar ƙwadago, wadda a lokacin ƙa'idojinta ke hana abubuwa irin su fesa fenti da inji. Don kada 'yan tsakiya su ci riba ko ƙarancin kaya ya tsayar da aiki, Levitt ya sayi daji da injin yanka katako a Kalifoniya, ya kafa wurin yin ƙusoshinsa, yana sayen firji da murhu kai tsaye ta wani kamfaninsa. A ganiyar aiki ana gama gida sama da 30 a rana.

Kada a ɗauka wayon Levitt kaɗai ne. Magini na da yana gina gida huɗu ko biyar a shekara saboda iya abin da jarinsa zai ɗauka ke nan. FHA ta fito da tsarin alkawari tun kafin gini: a kawo mata zanen unguwa, in ta amince ta ba da takarda cewa za ta yi wa bashin masu saye inshora, magini ya kai wa banki takardar ya karɓi kuɗin aiki. Ba don wannan takarda ba, babu bankin da zai ba mutum kuɗin gida dubu a gonar dankali. Haka aka yi a Lakewood kusa da Los Angeles, da Park Forest kusa da Chicago, da ɗaruruwan wurare ƙanana. Masu zaune a gidan kansu suka tashi daga kashi 44 a 1940 zuwa kashi 62 a 1960.

Gidan da kansa ƙarami ne: falo, ɗakin kwana biyu, kicin, banɗaki ɗaya. Samfurin 1949, wanda aka sayar dala 7,990, ƙafa 25 da 32 ne, kicin a gaba don uwa ta riƙa hango yara a titi, falo a baya da babbar tagar gilashi mai kallon fili. An bar sararin ƙarƙashin rufi ba a ƙarasa ba, da gangan, don in haihuwa ta ƙaru maigida ya fitar da ɗaki biyu da hannunsa ranar Asabar. Firji da murhu da injin wanki na Bendix suna cikin kuɗin gida, a 1950 har da talabijin ɗin Admiral da aka dasa a bango. Dalilin dasawar shi ne duk abin da ke manne da gini ana lissafa shi cikin gida, sai ya shiga bashin shekara 30 a kan ruwa kashi 4. Mutane suka yi ta biyan kuɗin akwatin da ya daɗe da mutuwa.

Akwai dokokin zama: a yanke ciyawa duk mako daga bazara zuwa kaka, in ba haka ba kamfani ya yanke ya aiko da takardar biya, ba a katange fuloti, ba a shanya wanki a waje ranakun ƙarshen mako da na hutu. William Levitt ya taɓa cewa mai gida da fuloti nasa ba zai zama ɗan kwaminis ba, domin aiki ya yi masa yawa. A shekarun da ake farautar 'yan kwaminis a Washinton, wannan magana ta yi wa 'yan siyasa daɗi, kuma ta nuna cewa tun farko ana kallon gidan a matsayin abin da zai ɗaure mutum ga aiki da bashi da zaman lafiya.

Irin mutanen da wannan gida ya ƙera

Tara dubban ma'aurata masu shekara ashirin da 'yan kai wuri ɗaya, babu kaka, babu goggo, babu tsohon maƙwabci, dole wata al'ada ta tsiro. Haihuwa ta yi tashin gwauron zabi: yara kimanin miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964, ƙololuwa a 1957 da miliyan 4.3. A 1956 rabin matan da ke auren fari ba su wuce shekara 20 ba. Jikokin 'yan Italiya da 'yan Ireland da Yahudawan gabashin Turai, waɗanda iyayensu suka rayu kowa a unguwar ƙabilarsa a Brooklyn da Bronx na birnin New York, suka zama maƙwabta, 'ya'yansu suka auri juna, bambancin da ke tsakaninsu ya dushe suka koma abu ɗaya, farar fata. Coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa da ƙungiyoyin iyayen yara suka cike gurbin dangi. Talabijin, da ke gida 9 cikin 100 a 1950, ta shiga kusan 9 cikin 10 a 1960, tana nuna wa mutanen nan iyalai masu kama da su, tana tallata musu abin da ya rage su saya.

Tsarin ya zauna a kan albashin namiji ɗaya, kuma doka ta tallafa wa hakan. Wuraren renon yara da gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyinsu lokacin yaƙi an janye musu kuɗi a 1946, masana'antu suka sallami mata da yawa don sojoji su koma. Dokar haraji ta 1948 ta ba ma'aurata damar haɗa samunsu a raba biyu, abin da ya fi amfanar gidan da mutum ɗaya ke aiki. Bankuna da dama ba sa lissafa albashin mata in za a ba da bashin gida, ko su lissafa rabi, da hujjar za ta haihu ta bar aiki. Sai a 1974 doka ta hana nuna wa mace bambanci wajen bashi. Albashin namijin kuwa yana da ƙarfi saboda kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata suna cikin ƙungiya, kuma yarjejeniyar 1950 tsakanin kamfanin General Motors da ƙungiyar ma'aikatan mota, mai fansho da inshorar lafiya da ƙarin albashi in kaya sun yi tsada, ta zama abin koyi. Mazauna Levittown da yawa a Grumman da Republic suke aiki, masu ƙera jiragen yaƙi, wato kuɗin Yaƙin Cacar Baki ne ke biyan bashin. Duk da haka hoton matar da ke zaune a gida bai cika ba: zuwa 1960 kusan kashi 30 na matan aure suna aikin albashi, da yawa don biyan mota ta biyu da ƙarin ɗaki.

Mota dole ce, domin an raba wurin kwana da wurin aiki da kasuwa. Dokar manyan hanyoyi ta 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, ta tsara mil 41,000, tarayya na biyan kashi 90, kuɗin na fitowa daga harajin fetur da aka ɗaga daga santi 2 zuwa 3 a galan. A shekarar aka buɗe katafariyar kasuwar Roosevelt Field kusa da Levittown, da Southdale a Minnesota, kasuwa ta farko mai rufi da na'urar daidaita yanayi. Kantunan tsakiyar birni suka fara bin abokan cinikinsu.

Saurin gini ya bar baya da ƙura. Bututun jan ƙarfen da ke cikin daɓe, bayan shekaru, ya fara tsatsa yana yoyo, kuma babu hanyar kai wa gare shi sai an fasa kankare. Akasarin masu gida suka toshe shi suka ja sabon bututu ta gindin bango. Ba a shimfiɗa magudanar bahaya ba, kowane gida da sokawensa, a ƙasa mai yashi wadda ruwan shan yankin ke ƙarƙashinta. Ƙazanta da kumfar sabulu suka sauka cikin rijiyoyi, daga baya aka fasa tituna aka sa bututu da tsada mai yawa. Makarantu kuwa, a Amurka harajin gidaje na yanki ke riƙe su. Garin da ke cike da ƙananan gidaje masu yara huɗu-huɗu, babu masana'anta ko manyan kantunan da za a ɗora wa haraji, dole azuzuwa su zama na safe da na yamma, haraji kuma ya yi ta hawa.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Sashe na 25 na takardar hayar Levittown ya ce ba a yarda wanda ba farar fata ba ya zauna a gidan, sai dai ɗan aiki. Wannan ba son zuciyar magini ɗaya ba ne. HOLC ta zana taswirar birane 239, ta ba unguwanni daraja huɗu: kore, shuɗi, rawaya, ja. Unguwar da baƙar fata ke ciki kusan kullum ja take samu, ko da gidajen masu kyau ne kuma mazauna malamai ne da likitoci. FHA tana da nata ma'aunin mai irin wannan tunani, kuma kundinta na 1938 ya ba da shawara ƙarara a rubuta sharaɗin launin fata a takardar fili, da hujjar cakuɗuwa na karya darajar gida. A Detroit, a 1941, wani magini ya nemi inshorar FHA kusa da unguwar baƙaƙe ta Eight Mile aka hana shi. Ya gina katangar kankare mai tsayin ƙafa 6 da tsawon kusan rabin mil tsakaninsu, aka ba shi. Katangar na nan har yau.

Rubutun GI Bill bai ambaci launi ba, kuma baƙaƙe sama da miliyan ɗaya sun yi yaƙin. Amma John Rankin na jihar Mississippi da ke Kudu, shugaban kwamitin 'yan mazan jiya a majalisar wakilai, ya tabbatar an bar aiwatarwa a hannun ofisoshin yanki da bankuna da makarantu. Ka tuna hukumar 'yan mazan jiya tana tsaya wa bashi ne kawai. Sai banki ya yarda ya ranta tukuna. Wani bincike na 1947 a biranen Mississippi ya samu cewa cikin basussuka 3,229 da hukumar ta tsaya wa, biyu kacal suka je hannun baƙaƙe. A Arewa ma ba ta sauya zane ba: a New York da arewacin New Jersey, cikin 67,000 ba a kai 100 ba. A 1953 Levittown na da mutum kusan 70,000, babu baƙar fata ko ɗaya. Levitt ya kare kansa da cewa za a iya magance matsalar gidaje ko a gwada magance ta launin fata, amma ba a haɗa biyun. Wannan hujja ba ta tsayuwa, domin a lokacin da mutane ke kwana a layi don samun gida, kuma gwamnati ce ke riƙe da takardar da aikin ya dogara da ita, da ta gindaya sharaɗin a sayar wa kowa da an saya.

Kotun Ƙoli ta yanke a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, cewa kotu ba za ta tilasta bin sharaɗin launi ba. FHA ta ja ƙafa har Fabrairun 1950 kafin ta daina karɓar sababbin takardu masu shi. Levitt ya goge sashen, ya ci gaba da ƙin sayarwa, inshora kuma ba ta tsaya ba. Wanda ya samu ya kutsa ta hannun mai gida na biyu sai ya gamu da jama'a. A Agustan 1957 William Myers, tsohon soja, da matarsa Daisy suka tare a wata Levittown da su Levitt suka gina a jihar Pennsylvania. Ɗaruruwan mutane suka yi ta taruwa a ƙofarsu dare bayan dare, aka jefi tagar falo da duwatsu, aka ƙona gicciye a maƙwabta, sai da 'yan sandan jiha da umarnin kotu suka shiga. Sun zauna shekara huɗu suka tashi.

To ina baƙaƙen da ke kwararowa daga jihohin Kudu suka samu gida? A tsoffin unguwannin da banki ba ya rantawa, ta hanyar da ta fi kowace cuta. A Chicago dillali zai tsorata farar fata cewa baƙaƙe na zuwa, ya saye gidansa da arha, ya sayar wa baƙar fata sau da yawa ninki biyu, a kan yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Takardar gida tana hannun dillali har sai an biya kobon ƙarshe. Mai saye shi ke gyara, shi ke haraji, amma ba shi da ko bulo ɗaya a gidan. Ya tsallake wata guda a kore shi, duk abin da ya zuba ya tafi, a sayar wa wani. Don kada hakan ta faru miji ya yi aiki biyu, a yanka ɗakuna a zuba 'yan haya, gyara ya gagara, unguwa ta lalace, sai a nuna ta a ce ga shaida. Sannan dokar rushe unguwannin talakawa ta 1949 da manyan hanyoyin 1956 suka bi ta kan wuraren nan saboda filinsu ne mafi arha: Black Bottom a Detroit, Overtown a Miami, Rondo a Saint Paul.

Shugaba Kennedy ya hana wariya a gidajen da tarayya ke tallafa wa a Nuwamban 1962, dokar da ta hana ta gaba ɗaya kuwa sai 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King. Zuwa lokacin gonakin da ke kusa da birane sun cika, farashi ya tashi. Wanda ya sa hannu a 1949 yana biyan dala 38 ɗinsa ba ta motsi, hauhawar farashin shekarun 1970 ta mayar da ita kuɗin cefane, a 1979 ya gama. Da gidan ya jinginar ya kai yara jami'a, da shi ya ba su kafin alƙalamin nasu gidajen, shi ya bar musu gado. Irin gidan nan yau ana sayar da shi sama da dala rabin miliyan. Abokin yaƙinsa baƙar fata ya biya haya ta shekara talatin ɗin nan ko fiye. A 1960 kashi 65 na iyalan farar fata ke zaune a gidan kansu, baƙaƙe kashi 38. A 'yan shekarun nan alƙaluman suna wajen 74 da 45.